Ƙwan Kyauta da Taurari Biyu

Jama'ata masu bibiyata, na kusa da na nesa, da masu karantawa su wuce ko gaisuwa babu, duk sannunku. Ku gyara zama, yau labarin ƙwai na kawo muku. E, ƙwai dai na kaza. Wanda ya taɓe baki ya jira tukuna, don ƙwan nan sai da ya kusa raba wani dattijo da aikinsa.

A nan tsibirinmu, a unguwarmu ta Okpo, a layin da ke gangarawa zuwa ma'aikatar ƙera jiragen ruwa, akwai shagon farfesun kifi na Inna Bun-ja. Tebur tara ne kacal, amma da ƙarfe sha biyu ta buga ba ka samun wurin ajiye ƙafa. Inna Bun-ja guntuwa ce, gashi a nannaɗe, shekara sittin da huɗu, muryarta kuwa ko injin yankan ƙarfe ya ji ta sai ya yi shiru ya saurara. Kana ɗaga labule za ta tarye ka:

"Kai mai jar hula, ci ka zo yi ko tsayuwar gadi? Zauna can! Kai kuma Pil-gu, ba ka mutu ba ashe? Kullum tumbi sai gaba yake yi, gashi yana baya!"

Su kuwa ma'aikatan nan, ƙarti masu ɗaga ƙarfe, sai su yi ta washe baki. Ranar da ba ta zage ka ba, ka koma gida ka binciki halinka.

Mijinta, Ma Chun-be, wanda kowa ke ce wa Baban Nare, shekara talatin da ɗaya ya yi yana walda a cikin ƙundun jirgi. Da ya yi ritaya, wata shida ya yi a gida yana canza tashar talabijin, har ya fara yi wa kifin cikin kwalba hira. Da matar ta ga abin zai zama ciwo, sai ta ware masa wani lungu a bayan shago, ta sa masa murhun gas mai baki biyu, ta ce ya riƙa yin sobisu.

Sobisu dai kun gane, abin da ku kuke ce wa gyara a kasuwa. Ka sayi farfesu, a ɗora maka wani abu kyauta. Kalmar daga Turanci muka are ta, muka lanƙwasa ta yadda bakinmu yake so, ta zauna daram. A shagon Inna Bun-ja sobisu ƙwai ne da ake turarawa a 'yar tukunyar ƙasa har ya kumbura ya yi tozo, a barbaɗa masa ganyen albasa. Sau hamsin a rana za ka ji ta dangwarar da tukunya a gaban mutum ta ce, "Sobisu! Ci kafin ya faɗi!"

Baban Nare ya ɗauki aikin nan kamar waldar jirgin yaƙi. Yana da ludayinsa da ba mai taɓawa, yana da tawul a wuya, yana sunkuyawa ya duba harshen wuta da ido ɗaya. Shekara uku ke nan, kuma idan ka cire lungun nan, wallahi ba shi da wurin zuwa da safe.

Ranar wata Litinin, bayan an gama cinikin rana, wayar Inna Bun-ja ta yi ƙara. 'Yarsu Nare ce daga Seoul, babban birnin ƙasarmu, ta turo hoto, da ɗan rubutu a ƙasa: "Mama, dubi abin da baƙi ke rubutawa a kan shagonki. A ɗan gyara don Allah."

Baƙi kuwa muna da su, injiniyoyi daga ƙasashe barkatai da ke zuwa duba jiragensu. Kuma kun san halinsu, mutum ba zai ci abinci ya tafi salin alin ba, sai ya hau waya ya raba taurari.

Inna Bun-ja ta ɗora tabarau a karan hanci. Taurari biyu cikin biyar. Rubutun Turanci ne, gajere: Soup very good. Service cold.

"Baban Nare! Zo nan da ƙamus ɗin nan naka."

Yana da wani ɗan ƙamus na aljihu tun zamanin ma'aikata, duk ya sha mai. Ya zo yana share hannu. Soup, miya. Very good, wannan ko jariri ya sani. Inna ta gyaɗa kai kamar an faɗa mata rana daga gabas take fitowa. Service kuwa bai ma buɗe ƙamus ba, me zai duba? Ga ta nan rubuce a jikin bangonsu, kalmar da suke faɗa sau hamsin a rana. Ya wuce zuwa ta ƙarshe, ya lashi yatsa ya yi ta buɗe shafi.

"Cold," ya ce a hankali. "Sanyi."

Inna ta sauke tabarau ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Miyata ta yi daɗi ƙwarai," ta ce. "Sobisu ya yi sanyi. Waye yake yin sobisu a shagon nan?"

"Maman Nare, ƙwan nan yana tafasa nake miƙo miki shi."

"To Baturen ƙarya ya yi maka? Ya baro ƙasarsu, ya hau jirgin sama, don ya zo ya yi wa ƙwanka sharri?"

Washegari Baban Nare ya ƙara wuta. Ya riƙa gasa tukwanen tun kafin ya zuba ƙwai, har gindinsu ya yi ja. Ƙwai ya isa tebur yana tsalle. Pil-gu, mai tuƙa ƙugiyar ɗaga kaya, ya kai cokali baki ya yi wani ihu ya miƙe tsaye.

"Yaya Chun-be, walda kake yi mana a harshe?"

"Ci ka yi shiru," in ji Baban Nare daga lungu. "Turawa ne suka ce."

Bayan kwana huɗu wani hoton ya sake shigowa. Taurari biyu. Great fish. Service a bit rough.

Ƙamus ya ce rough, kaushi, abin da ba shi da santsi.

"Kaushi!" Inna ta buga tebur. "Na ce maka ka riƙa kaɗa shi da kyau, kai sai ka tsaya kana kallon wuta kamar budurwarka ce. Kifina great. Ka ji? Great!"

Bawan Allah ya tafi kasuwa ya sayo rariya mai ƙananan ido. Ya riƙa tace ƙwai sau uku, yana kwashe kumfa da cokalin shayi. Ƙwai ya fito sumul, ka ce kumatun jariri. Shi kansa da ya ɗanɗana sai da ya lumshe ido. Ya ce a ransa, duk Baturen da ya ce wannan yana da kaushi, to harshensa ne ke buƙatar a goge.

Sai na uku ya zo, ranar Talata. Wannan tauraro ɗaya ma aka ba su. Service too loud. My wife was scared.

Baban Nare ya duba, ya sake dubawa. Loud, mai ƙara. Scared, jin tsoro. Wife, mata.

"Sobisu ya cika ƙara," ya karanta. "Matata ta tsorata."

"Ka gani ko?" in ji Inna. "Ka ƙara wuta har tukunya tana ɓararraka kamar za ta fashe, ka firgita matar mutane! In da ciki gare ta fa?"

"Ke kika ce ya yi sanyi!"

"Na ce ka dafa, ban ce ka haɗa bam ba!"

Nan take ta ɗauki waya ta kira mai gyaran gas, a gabansa, don ya ji da kunnensa. Ranar Juma'a da ƙarfe uku a zo a cire murhun nan. Za ta sa ɗan firji a wurin, ta riƙa ba mutane 'yar kwalbar yogot a matsayin sobisu, kamar yadda kowane shago mara matsala yake yi.

"Kai kuma ka je ka zauna da tsofaffin bakin teku kuna buga dara. Shekara ashirin da takwas ina gina sunan shagon nan, ba za ka rushe min shi da ƙwai ba."

Baban Nare ya koma lungu ya zauna a kan bokiti. Ya so ya kira Nare ya tambaye ta, amma ya san amsarta. Tun bara take cewa, "Baba, bayanka fa, ka huta haka." In ta ji za a cire murhu, har kuɗin firjin za ta turo.

Sai dai wani abu ya ƙi kwanta masa a rai. Sanyi, ya yarda. Kaushi, to, ya haɗiye. Amma ƙwai ya tsorata babbar mace? Shi da ya yi shekara talatin cikin ƙarar guduma ya san abin da ake kira ƙara, kuma ƙwansa bai kai nan ba.

Laraba da yamma, lokacin tashi daga aiki, ya je ya tsaya a ƙofar ma'aikata yana jiran Rodel. Rodel ɗan ƙasar Filifin ne, shi Baban Nare ya koya masa walda shekara goma sha biyar da suka wuce, yanzu ya zama shugaban rukuni, har furfura ta fara fito masa. Yarenmu a bakinsa kamar ruwa, Turanci kuwa da shi ya tashi.

"Oga! Lafiya na gan ka a nan? Ko kewar hayaƙi kake yi?"

"Bar wasa. Zo mu zauna, karatu za ka yi min."

Suka zauna a benci gaban wani kanti. Baban Nare ya nuna masa hotunan da ya turo wa kansa daga wayar matarsa, ya kwashe labari kaf ya faɗa masa: yadda ya gasa tukwane, yadda ya sayo rariya, yadda yanzu yake tunanin ya riƙa ɗora tukunyar a kan tsumma don ta rage ƙara.

Rodel ya karanta na farko. Ya karanta na biyu. Kafin ya gama na uku kafaɗunsa sun fara girgiza. Ya toshe baki da hular kwano, abin ya ƙi. Ya fashe da dariya har da buga ƙafa, har mai kanti ta leƙo.

"Oga... rariya... ka tace ƙwai sau uku..."

"In ka gama ka faɗa min. Ni na koya maka riƙe wuta, kar ka manta."

Rodel ya share hawaye. "Yi haƙuri, Oga. Ka duba cold, ka duba rough, ka duba loud. Service fa, ka duba?"

"Me zan duba? Sobisu ne."

"A nan ne sobisu. Su a wurinsu service ba gyara ba ne. Tarba ce. Yadda aka karɓe ka, yadda aka yi maka magana, yadda aka ajiye maka kwano. Mutumin da ke kawo abinci ake nufi, ba abincin ba."

Baban Nare ya tsura masa ido.

"Kuma cold ɗin nan," Rodel ya ci gaba, "in an faɗa wa miya, sanyi ne. In an faɗa wa mutum, ana nufin fuskarsa a ɗaure take, ba fara'a. Rough a jikin katako kaushi ne, a jikin mutum kuwa gatsali ne, ya dangwarar maka da abu. Loud kuma..." Ya sosa ƙeya. "Oga, waye yake kai abinci tebur a shagonku?"

Sai ga abin da ya faru makon jiya ya dawo wa Baban Nare tar. Wani dogon Bature da matarsa sun ɗaga hannu suna neman ruwa, Inna ta tsaya daga can ƙarshen shago da wuƙar yanka kifi a hannu, tana nuna musu randar ruwa da tsinin wuƙar tana ihu, "Selfu! Selfu!" wato kowa ya ɗebo da kansa. Matar ta maƙale a jikin mijinta.

"Wayyo ni," ya ce.

"To ai ka gane."

"Shi ƙwan fa? Me suke ce wa abin da aka ba su kyauta?"

"Free. Ko su ce on the house."

"House ba gida ba ne?"

"Gida ne."

"A kan gida? A kan rufi za su ci?"

"Oga, bar wannan, zai ƙara rikita ka. Riƙe free." Rodel ya zaro tasa wayar ya nemo shafin shagon. "Ai 'yarka guntu-guntu ta yanko. Bari mu ga sauran." Ya yi ta ja da yatsa, sai ya daki cinyarsa. "Ka ji wannan! Wai ƙwan kyautar nan shi ne mafi daɗin abin da ya ci a tsibirin nan kaf. Ga wata kuma, wai tsohon da ke lungu yana yin ƙwai ya yi mata murmushi, shi ya sa ta ƙara tauraro ɗaya. Oga, ashe taurari biyun nan ma ɗaya naka ne!"

Ku zo ku ga Baban Nare. Ƙirji ya buɗe, wuya ya miƙe. Ya sa Rodel ya maimaita masa ta ƙwan sau uku. Ya miƙe zai tafi da saurinsa, yana tsara yadda zai shiga shago ya ajiye mata wayar a gaba, ya ce, to Malama mai great, ga naki.

Bai kai rabin layi ba ya ja ya tsaya.

Don shi kaɗai ya san wani abu da duk Okpo ba su sani ba. Matar nan mai muryar tsawa, zuciyarta ba ta da ɓawo. Shekarun baya, a wani taron iyayen yara a makarantar su Nare, wata mata mai takalmi mai tsini ta ce da ita, "Baiwar Allah, nan ba kasuwar kifi ba ce." Inna ta yi dariya a wurin. Da suka dawo ta shige ɗakin ajiyar kabeji ta rufe ƙofa, ya tsaya a waje yana jin shessheƙarta, kuma ba ta sake taka makarantar ba har yarinyar ta gama. Ita a ganinta ihun nan da take yi wa mutane kulawa ce. Wanda ba ta damu da shi ba, ko kallonsa ba ta yi. Yanzu ya je ya ce mata, ke ce mai sanyin, ke ce mai kaushin, ke kika tsorata matar mutane?

In ya yi shiru, jibi a cire murhunsa. In ya yi magana, ya san inda maganar za ta sauka.

Ranar Alhamis ya gwada dabara. Wasu baƙi uku suka shigo, ya yi wuf ya ɗauki farantin zai kai musu.

"Ina za ka da kwanona? Koma lungunka, kwana ɗaya ya rage maka, ka yi ban kwana da tukwanenka!"

Ya dawo. Can an jima ya matso kusa da ita yana goge cokali. "Maman Nare, da za ki ɗan riƙa yin murmushi in za ki ajiye abinci..."

"Hoto za a ɗauke ni?"

"A'a, dai na ce..."

"Haƙorana uku na roba ne, wa zan nuna wa? Matsa min."

Juma'a, ƙarfe uku daidai, an share tebura, sai ga mai gyaran gas da jakar sifanu. Ya gaishe su ya nufi lungu. Baban Nare yana tsaye a gaban murhu da tawul a wuya, ya ƙi motsi.

"Baba, ɗan ba ni hanya."

"Dakata."

"Baban Nare," in ji Inna daga kan kujera tana tsinke wake, "kar ka ba ni kunya a gaban mutane."

"Maman Nare, akwai kalma ɗaya da ba mu duba ba."

Ya zo ya ajiye mata ƙamus a buɗe, ya ɗora yatsa. Bai kawo zancen yabon ƙwansa ba, ko kalma ɗaya, ya haɗiye shi. Ya faɗa mata abin da Rodel ya ce, a hankali, yana kallon waken ba ita ba. Service tarba ce. Cold ɗaure fuska ne. Da ya zo kan loud sai ya ce, "Ranar ruwan nan... da wuƙa a hannunki..."

Hannun Inna ya tsaya cak a cikin wake. Mai gyaran gas ya fara nazarin silin kamar an ce masa can ne gas ke yoyo.

Ta ɗauki tabarau, ta karanta layin da kanta, leɓenta na motsi. Ta rufe ƙamus.

"Wato ni ce sobisun."



"Shekara ashirin da takwas," ta ce. Ta miƙe, ta zuba wa mai gyaran gas farfesu ta ajiye masa a hankali, ba dangwarawa. "Ci ka tafi, ɗana. Ka bar murhun." Ta cire ƙyallen aikin da ta ɗaura a gaba ta shige ɗakin ajiya.

Baban Nare ya tsaya a ƙofar. Bai ji kuka ba, bai ji komai ba, kuma shirun ya fi kukan tayar masa da hankali. Murhu ya tsira, amma ko kallonsa bai iya yi ba.

Asabar da rana, jama'a, abin da idon Okpo ya gani. Ma'aikata suka ɗaga labule, sai ga Inna Bun-ja a bakin ƙofa da jan baki, hannu biyu a haɗe a ciki, ta rusuna.

"Sannunku da zuwa, manyan baƙi. Ku shigo, don Allah. Ina kuke sha'awar zama?"

Na gaba ya ja da baya ya taka na bayansa. Wani ya fita ya duba allon shagon ya dawo. Suka zazzauna shiru kamar masu jiran allura. Ta riƙa kawo kwano da hannu biyu, tana murmushi, haƙoran roba uku duk a waje, tana cewa, "A ci lafiya." Ba ka jin komai sai ƙarar cokali.

Pil-gu ya lallaɓa lungu ya rage murya. "Yaya, faɗa min gaskiya, ni ba yaro ba ne. Me likita ya ce? Wata nawa?"

"Lafiyarta ƙalau."

"Ta ce min babban baƙo, Yaya. Ni! Abincin ma ya ƙi wucewa."

Ya koma mazauninsa yana huci. Can sai ka ga idonsa ya yi wani ƙyalli na shaƙiyanci. Ya ture kwanon farfesu gefe, rabi bai ci ba, ya ɗaga murya.

"Inna, yau kam kifin nan kamar na jiya ne."

Inna ta juyo, murmushin yana nan amma gefen bakinta na rawa. "Na safiyar yau ne, ranka ya daɗe."

"Anya? Na shagon ƙasan layi ya fi shi zaƙi. Su har ɗan sukari suke sawa."

"Sukari," in ji Inna. Jijiyar wuyanta ta tashi. "A farfesun kifi."

"Ko za ki je su koya miki?"

Ai kuwa sai madatsa ta ɓalle.

"Kai Pil-gu, mai kai kamar tulun tsuma kabeji! Ƙarfe biyar na asuba ina bakin teku ina zaɓen kifin nan, kai kana can kana minshari matarka na neman inda za ta gudu! Harshen da taba ta kashe ne zai gaya min zaƙi? Jawo kwanon nan ka cinye shi tas, har ƙaya, ko in juye maka shi a wannan sanƙon!"

Shago ya kaure da tafi. Wani yana buga tebur da cokali, wani yana cewa, "Ta warke! Ta warke!" Pil-gu ya jawo kwano yana ci yana dariya har yana ƙwarewa.

Sai a lokacin Baban Nare ya lura da teburin bakin taga. Wasu baƙi biyu, mata da miji, sun shigo ana tsakiyar yaƙi, matar ta riga ta rataya jaka za ta miƙe. Ya sunkuci tukunyar ƙwai ya nufe su. Ya ajiye a hankali, ya tattaro duk Turancin da ya mallaka a duniya, ya nuna matarsa.

"She loud," ya ce. Ya dafa ƙirjinsa. "Here, no cold." Ya nuna ƙwai. "Free."

Mijin ya dubi Inna, wadda a lokacin take ƙara wa Pil-gu wani ƙaton yankan kifi tana ci gaba da zaginsa. Ya dubi matarsa. Matar ta sauke jaka ta ɗauki cokali.

Da aka watse, Inna ta zauna tana goge jan bakin da bayan hannu. Baban Nare ya kawo mata ruwa ya tsaya nesa kaɗan, don bai san ta inda za a ɓullo masa ba.

"Me ka ce musu?"

"Na ce ƙwan kyauta ne."

"Ƙarya kake, na ga ka nuna ni." Ta kurɓi ruwa. "Murmushin nan ya sa muƙamuƙina ciwo. Ba zan iya ba, Baban Nare. Na gwada."

"Na gani. Har ni kin ba ni tsoro."

Ta harare shi, amma dariya ta kusa ƙwace mata. "To ji nan. Daga yau tebur biyu na bakin taga naka ne. Duk wanda ya shigo da Turanci a baki, kai za ka tarye shi, kai za ka kai masa farfesu, ka yi ta washe musu baki tunda abin da suke so ke nan. Sauran bakwai nawa ne, kuma ba mai gaya min yadda zan yi magana da 'ya'yana."

"Ƙwai fa?"

"Wa zai yi, ni? Ka haɗa duka biyun. In bayanka ya karye kar ka kira sunana." Ta miƙe tana tattara kofuna, sai ta tsaya. "Kuma wannan 'yar taka mai turo hoto ba bayani, bar ni da ita. Miƙo min wayar."

Baban Nare ya miƙa mata, ya yi saurin komawa lungunsa ya kunna wuta, don ya san abin da zai sauka a Seoul yanzu ba na kunnen mai hawan jini ba ne.

To jama'a, ga ku ga Baban Nare a kan layin nan ranar Laraba, gaskiya a aljihu, murhu a gefe ɗaya, zuciyar matarka a ɗaya gefen. Da kai ne, za ka faɗa mata, ko za ka tattara ludayinka ka tafi buga dara? Ku kuma mata, da ke ce Inna, za ki so a gaya miki? Ku amsa min tsakani da Allah, ban da cika baki, don wasunku na san ko gishiri ya yi yawa a miya ba sa iya faɗa a gida.